Ɓarawo Mai Tuɓe Takalmi

Ruwan da aka kwana ana zubawa bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya komisariya, ofishin 'yan sandan Gaya, cewa an fasa gidan Rediyo Bakin Ruwa. Sufeto Yakuba Dambaji yana zaune gaban kwanon koko, ko rabi bai sha ba. Ya rufe shi da faifai, ya ɗauki hularsa.

Ba girman satar ne ya tashe shi ba. Gaya gari ne na iyaka, kullum da abin da ke ɓacewa, daga buhun shinkafa zuwa tayar tirela. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, jiya-jiya aka kawo wani ma'aikacin wannan gidan rediyon aka kulle a ɗakin da ke bayan ofishinsa. Zaharaddini ne, mai gabatar da shirin "Faɗi Mu Ji", inda mutane ke bugo waya su amayar da abin da ke cin su.

Wata 'yar gajeriyar murya ce ta jawo masa. Ta bi Watsap ta zagaye gari, ta haye kogi, ta kuma kai har Doso. A cikinta ana jin Zaharaddini, muryarsa ce ba tantama, yana cewa 'yan bindigar nan da ake kira mutanen daji sun fi kowa sanin talaka, su ne masu adalci, wanda ya taimake su ya yi aikin lada. Dokar yaƙi da ta'addanci kuwa ta haramta yabon irin waɗannan ƙungiyoyi. Umarni ya zo daga sama: ranar Alhamis a wuce da shi Yamai, gaban masu shari'ar ta'addanci. Mutane suna cewa wanda ya shiga wannan ƙofa, ko da gaskiyarsa a hannu, sai wata damina ta same shi kafin a ji ta bakinsa. Yau kuwa Talata.

Madam Madina, shugabar gidan rediyon, ita ta tarbe shi a bakin ƙofa. Mace ce mai jiki, mai kakkausar murya, amma yau muryar ta dusashe. Ta nuna masa kwaɗon da aka ɓalle da ƙarfe. Maigadi ya fara rantsuwa cewa ƙarti ne suka zo da bindigogi, fuskokinsu a naɗe. Sufeto bai ce masa ƙarya yake ba, ya dai tsaya yana kallon rigarsa wadda ko ɗigon ruwa bai taɓa ba. Da kallon ya yi yawa, tsohon ya sauke kai ya ce rumfarsa ce ke yoyo, sai ya fake a zauren maƙwabta, barci ya sace shi.

Sawun takalmi mai laka ya bi ta baranda ya nufi ɗakin watsa shiri. Sufeto ya bi sawun, ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Shef, takalmi."

Ya waiwayo. Madam Madina ta ji kunyar kanta, ta ba shi haƙuri, ta ce sabo ne. Shimfiɗar da ke ɗakin masu sauraro ne suka haɗa hannu suka saya, tun ranar da aka shimfiɗa ta ba wanda ya taɓa taka ta da takalmi, ko manyan baƙi a nan suke tuɓewa.

Sufeto ya tsuguna. Sawun lakar ya zo daidai bakin ƙofa ya tsaya, ƙafa biyu a jere, kamar na mai shiga masallaci. Ciki kuwa shimfiɗar fes take.

Ya tuɓe nasa ya shiga. Mikro suna nan, batura suna nan, salular karɓar kira tana kan tebur. Abu ɗaya aka ɗauka, odinatar, wato kwamfutar da ake ajiye dukan shirye-shirye a cikinta. Wayoyinta ma ba fizge su aka yi ba, an zare su an nannaɗe an ajiye a gefe.

"Madam, wa ya san za ki kawo mana wannan na'ura?"

Ta ce jiya da yamma ta tara ma'aikata ta gaya musu, da safe za ta ɗauke ta ta kai komisariya a saurari shirin gaba ɗaya, don ita ta san Zaharaddini ba zai yabi masu kashe mutane ba. Da ya tambayi waɗanda suka iya sarrafa ta, ta ce ban da Zaharaddini mutum biyu ne: Mumuni mai kula da na'urori, da Faruk shugaban shirye-shirye.

Sufeto ya koma komisariya ya sa aka buɗe masa ɗakin tsaro. Zaharaddini yana zaune a kan tabarma, siriri, idanunsa sun faɗa. A gefensa ga kwanon shinkafa da miya wanda bai taɓa ba. Ya ce Faruk ne ya aiko masa, Allah ya saka masa.

Sufeto ya jawo kujera. Bai tambaye shi ko ya yi ko bai yi ba, ya ce ya ba shi labarin shirin ranar Asabar tun daga sallama har rufewa, kada ya tsallake komai, ko tari ne.

Zaharaddini ya fara. Ya ce maganar ranar ita ce me ke jan samari zuwa daji. Ya ce ya kawo irin zaƙin bakin da mutanen daji ke yi wa yara, ya jero shi kamar yadda suke faɗa, sannan ya bi shi ɗaya bayan ɗaya ya rushe.

"Na ce, ga abin da suke gaya wa 'ya'yanmu. Na faɗa. Na ce ƙarya ne, ku je ku tambayi matan da suka mayar zawarawa. An sare kai, an sare ƙafa, an bar tsakiya. Shef, in ba a faɗi ƙarya ba, yaya za a ƙaryata ta?"

Sufeto ya ce ya ci gaba. Ya ci gaba da jero masu kira: wata mata kan tsadar kwale-kwale tun da aka rufe gadar iyaka, wani direba kan shingaye, wani masunci daga Tunuga da ya fara maganar bidon-bidon na isansi, wato jarkokin fetur, layi ya yanke. A tsakiyar shiri kuma ya karanta sanarwar suna daga Bana, gidan Inna Hasiya mai fura, an samu ɗa namiji.

"Wa ya riƙe maka na'ura?"

Zaharaddini ya ce Faruk ne. Mumuni ya samu aikin ɗaura lasifika a wani biki, ya roƙe su kada Madam ta ji.

Daga nan Sufeto ya shiga wajen Komiser, shugaban komisariyar. Komiser mutum ne mai son komai ya bi layinsa. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi ma bai ji daɗin abin ba, amma umarni umarni ne, lokacin kuma ba na wasa ba ne, sojoji suna mutuwa a daji. Ya ce in Dambaji ya kawo cikakken shirin, ko shaidu masu tsayawa gaban mai gabatar da ƙara, shi da kansa zai buga wa manyansu na Doso waya. In bai kawo ba, mota za ta tashi.

Sufeto ya ɗauka shaidu ba za su yi wuya ba. Shirin "Faɗi Mu Ji" ko kurma ya san lokacinsa a Gaya. Ya bi tasha, ya bi rumfunan tela, ya zauna fadar samari ya sha shayinsu. Sai ga shi duk garin ba wanda ya kunna rediyo ranar Asabar. Wani baturinsa ya mutu, wani yana gona, wani kunnensa ke ciwo. Wani tsohon direba da suka saba ya raka shi bakin hanya, ya rage murya ya ce, "Shef, mun ji, kuma gaskiya yaron ya faɗa. Amma wanda ya faɗa yana hannunku. Wanda ya ce ya ji fa?"

Wannan magana ta bi Sufeto har gidan rediyo. A can ma kiɗa kawai ake sakawa, an dakatar da duk wani shiri da mutum zai buɗe baki a cikinsa.

Ya kira Mumuni a gaban Madam. Mumuni ya dafa ƙirji ya ce shi ya riƙe na'ura ranar Asabar, amma hankalinsa yana kan allura da maɓalli, bai ji abin da aka faɗa ba. Yana magana yana satar kallon Madam. Sufeto ya sallame shi.

Faruk ya shigo da sallama, dogo, mai tsabta, ƙanshin turarensa bai gama danne warin isansi ba. Da Sufeto ya shaƙa, Faruk ya yi dariya ya ce albashin rediyo ba ya cika tukunya, yana da ɗan teburin kwalabe a bakin hanya yana sayar da isansi kamar kowa. Ya ce ranar Asabar yana Kamba wajen surukinsa da ba shi da lafiya, sai dare ya dawo. Da aka gaya masa abin da Zaharaddini ya faɗa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ɗaki ya ruɗa shi, Shef. Ɗan'uwana ne, tare muka fara aikin nan. Amma na sha gaya masa ya rage zafin baki."

"Ka ji muryar da ke yawo?"

"Na ji. Na yi kuka."

"A ganinka daga rediyon wani aka ɗauke ta?"

Faruk ya ce haka yake zato, ai kowa yana da salula yanzu.

Sufeto ya yi godiya. A mota ya sake kunna muryar ya kara a kunne. Tas take, ba shuuu ɗin iska, ba kukan akuya, ba muryar yaro. Duk wanda ya ɗauki magana daga rediyo a Gaya sai gidansa ya shiga ciki. Wannan daga cikin na'ura ta fito.

Mutum biyu sun ce abu ɗaya, ɗaurarre ya ce wani. Na'ura ta tafi, gari ya kurumce. Sufeto ya daɗe zaune hannunsa a kan sitiyari, yana maimaita labarin Zaharaddini a ransa. Da ya zo kan sanarwar suna sai ya tsaya.

Ya san halin mutanensa. Wanda ya kai sanarwa gidan rediyo ba ya yarda ta wuce a iska. Tun da ba a gaya masa daidai lokacin da za a karanta, sai ya jingina salula a jikin rediyo tun farkon shiri ya bar ta tana ɗauka, don ya tura wa 'yan'uwan da ke nesa su ji an ambaci sunan gidansu duniya ta ji.

Washegari da sassafe ya kama hanyar Bana, cikin kayan gida, ba kaki. Gero ya yi kai, hanya duk taɓo. Gidan Inna Hasiya ba ya ɓata, ƙarar turmi ce ta kai shi.

Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Ta amsa gaisuwarsa, ta sa aka dama masa fura. Da ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, fuskarta ta rufe kamar an ja ƙyaure. Ta ce salular ta faɗa rijiya.

Sufeto ya ce Allah ya mayar da alheri. Ya sha furarsa, ya yaba nonon. Ya tambayi jariri. Aka kawo shi, ya karɓa ya yi masa addu'a. Ya tambayi uban yaron, ta ce yana Kwatano yana aikin tashar jirgin ruwa, bai samu zuwa suna ba saboda hanya. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin naƙudar, da ragon da aka yanka, da yadda mai rediyo ya faɗi sunanta har da kirarin furarta, uban yaron ya ji ya bugo waya yana dariya yana hawaye.

Ta ji abin da ta faɗa. Ta gane ta yi suɓutar baki, don rediyon Gaya ba ya kaiwa Kwatano sai in da salula aka tura.

Sufeto bai ɗago ido daga kan jaririn ba. Ya ce wanda ya yi mata kirarin nan gobe za a tafi da shi Yamai, matarsa kuma tana da tsohon ciki.

Inna Hasiya ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ɗana, in gaya maka gaskiya. Tun da ni ji an kama shi, ban yi barci ba. Maganar mutanen daji tana cikin abin ga. In an gan ta wurina, mi za a ce da ni?"

"Inna, yabo doka ta hana, ba ta hana ji ba. Ga tawa salular. A gabanki zan zuba shi ciki. In an zo kamun wanda ke da shi, da ni za a fara, ke kya biyo baya da furarki ki kawo mini."

Ta harare shi, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta shiga ɗaka, ta daɗe, ta fito da salular a naɗe cikin tsumma, garin gero duk ya bi jikinta. A cikin tukunyar tsaba ta kwana tun ranar Litinin.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin hanya Sufeto ya tsayar da mota ya saurara. Zakaran Inna Hasiya ya yi cara a ciki, an yi daka, an yi wa wata yarinya faɗa. Amma muryar Zaharaddini ta fito sarai. Ga kan maganar: "Ku saurara ku ji irin ƙaryar da suke yi wa 'ya'yanmu." Ga tsakiyar da aka yawata. Ga kuma ƙafarta, inda ya ce duk wanda ya kai musu ko kofin ruwa, da hannunsa a jinin maƙwabcinsa.

Wannan ya isa ya buɗe ƙofar ɗaki. Sufeto bai kashe ba, ya bar ta tana tafiya.

Can sai ga masuncin Tunuga. Muryarsa garau, ba tsinkewa. Ya ce su da ke kwana kan ruwa suna ganin kwale-kwale ɗauke da bidon-bidon na isansi yana haurawa wajen daji. Ya ce mai kayan ba baƙo ba ne, ɗan gari ne mai fara'a, wanda kowa ya san muryarsa. Ya ce in an ba shi dama zai faɗi mashigar da ake lodi.

Ƙit. Shiru.

Sai muryar Zaharaddini: "Faruk, layi ya faɗi ne? Maido mana shi."

Daga nesa kaɗan, wata murya ta amsa: "Rezo ne, sabis ya tafi."

Zaharaddini ya ba masu sauraro haƙuri, ya yi alkawarin Asabar mai zuwa da wannan bawan Allah za a buɗe shiri.

Sufeto ya tayar da mota. Mutumin da ke Kamba wajen surukinsa, ga shi yana magana a Gaya.

Komiser ya saurari shirin a tsaye, hannuwansa a baya. Da aka zo wajen "ƙarya ne", ya cire tabarau ya goge. Da aka zo wajen masunci, ya ɗauki waya. Kafin la'asar mai gabatar da ƙara ya ba da izinin bincike. Mumuni kuwa, da aka kira shi shi kaɗai ba Madam a kusa, tun kafin a zaunar da shi ya faɗi sunan amarya da angon da ya ɗaura wa lasifika. Ya ƙara da cewa Faruk ne ya ba shi shawara ya tsaya kan cewa yana bakin aiki, wai don ya rufa masa asiri.

Sun sami Faruk a ɗakin ajiyarsa da ke unguwar bakin kogi, yana ƙoƙarin sa kwaɗo. Da ya ga motar 'yan sanda ya yi murmushi, ya ce marhabin, ko an samu labarin ɓarawo?

"An samu. Buɗe mana."

Ya buɗe. Mai teburin kwalabe a bakin hanya bidon kaɗan ke isarsa. Nan kuwa tun daga ƙasa har rufi a jere suke, an ɗaure su bibbiyu da igiya yadda ake yi wa kayan da za a ɗora a kwale-kwale. Faruk ya ce na 'yan kasuwa ne, ajiya aka ba shi.

Sufeto ya kunna masa salula daidai wurin. Faruk ya ji sunansa, ya ji muryarsa. Ya ce to, ya tuna, ya leƙo gidan rediyo kaɗan kafin ya tafi Kamba, mantuwa ce. Amma wannan ba ya nufin shi ya yi sata. Ɓarawo daga waje ya zo, ai kowa ya ga kwaɗon da aka ɓalle.

"Na gani," in ji Sufeto. "Ɓarawon ya iya ɓalle kwaɗo. Abin da bai iya ba shi ne taka shimfiɗar Madam da takalmi. Ya zo cikin ruwa, cikin sauri, gabansa na faɗuwa, amma da ya kai bakin ƙofa ƙafarsa ta tuna abin da kansa ya manta. Ya kuma nannaɗe wayoyi kamar mai dawowa aiki gobe. Mutumin da ya ji tausayin shimfiɗa, na ce a raina, ba zai jefa na'urar a kogi ba."

Ya juya ga 'yan sandan da ke tare da shi ya ce su duba inda ruwa ba ya kaiwa.

A can ƙurya, bayan bidon-bidon, an jera tubala an ɗora katako. A kai ga wani abu a naɗe cikin bargo, an sake rufe shi da sabuwar leda. Da aka kware, ga odinatar, har da tambarin Rediyo Bakin Ruwa a gefenta.

Faruk ya nemi wuri ya zauna a kan bidon.

Da ya fara magana, a hankali ya yi ta, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Ya ce wani mutum ne ya fara zuwa teburinsa yana saye da yawa, ba ya neman ragi. Daga baya ya ce a riƙa kai masa bakin ruwa. Ko da ya gane ko su wane ne, ya riga ya shiga har wuya. Ranar da ya ce ya daina, sai aka aiko masa da gaisuwa, aka ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunan makarantarsu. Masuncin nan kuwa ya taɓa haska shi da tocila a mashiga. Da ya ji muryarsa a layi, yatsansa ne ya danna maɓalli kafin ya yi tunani. Ya san Zaharaddini, in ya yi alkawari a iska sai ya cika. Don haka a daren ya yanko maganar, ya tura ta da layin Najeriya. Da Madam ta ce za ta kai na'ura komisariya, ya ga ba shi da sauran dabara.

"Na kai ta har bakin kogi. Aikinmu ne na shekara da shekaru a ciki. Hannuna ya ƙi."

"Abu ɗaya ban gane ba," in ji Sufeto. "Hanyoyin rufe shiri suna da yawa. Me ya sa ka zaɓi wannan?"

Faruk ya ɗago.

"Shef, na daɗe a aikin nan. Na san in aka ce sata, za a tambayi me aka sace. In aka ce ta'addanci, ba mai tambaya ta biyu."

"To ga shi an yi."

Aka sa masa ankwa. Kafin su bar wurin Sufeto ya tura mota ta kwashe matar Faruk da 'ya'yansa zuwa inda gaisuwar mutanen daji ba za ta same su ba, ya kuma aika wa jandarmomi su nemo masuncin Tunuga su tsare lafiyarsa.

Labari ya riga su isa komisariya. Bakin ƙofa ya cika, 'yan kabu-kabu, mata masu talla, direbobin tasha. Abin mamaki, yau kowa ya tuna ya kunna rediyo ranar Asabar. Wani har yana maimaita maganar Zaharaddini kalma bayan kalma, na kusa da shi yana gyara masa. Madam Madina tana tsakiyarsu, muryarta ta dawo, tana gaya wa Mumuni cewa tasu maganar tana nan tafe.

Waya ta zo daga Doso gab da magariba. Komiser da kansa ya karɓi mabuɗi ya buɗe ɗakin. Ya ce wa Zaharaddini ya tafi gida, ba abin da doka ke nema a wurinsa. Ya ɗan yi gyaran murya ya ƙara da cewa shi ma yakan saurari shirin, wani lokaci.

A tsakar komisariya suka haɗu, ɗaya yana fitowa da tabarmarsa a hammata, ɗaya ana shiga da shi hannu a ɗaure. Sufeto ya yi wa ɗan sandan da ke riƙe da Faruk alama ya dakata.

Faruk bai iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Zaharaddini, ka yafe mini."

Zaharaddini ya dube shi.

"Yafiya sai na huce, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai samari da yawa a garin nan masu teburin kwalabe, kuma mutumin da ba ya neman ragi zai je wurinsu. Ranar da alƙali ya yarda ka yi magana, zan zo da mikro. Ka faɗi yadda aka yi ka shiga, ka faɗi abin da ya tsorata ka. Zan sa ta tun daga kai har ƙafa, ba zan cire ko kalma ɗaya ba."

Faruk ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Aka wuce da shi ciki, ƙofa ta rufe.

Zaharaddini ya gyara tabarmarsa ya nufi bakin titi. Kafin ya kai, jama'a sun ɗaga shi sama.